Gonata Ta Tare wa Tarakta Hanya

'Yata mai wannan fili na ba da shawara,

Don Allah ki taimake ni da shawara, na rasa wanda zai saurari maganata har ƙarshe. Duk wanda na fara ba shi labari, kafin in kai tsakiya sai ya tuna yana da uzuri. Ki yi haƙuri da rubutun, tsufa ya taɓa shi. A zamaninmu sai da aka bubbuge mana yatsu da rula kafin muka iya jera baƙaƙe a kan layi, ni ma na yi shekaru ina koya wa 'ya'yan mutane, ga shi yau alƙalami yana yi mini gardama. Amma tun daga farko ki sani, ban rubuto don ki ce mini in sa hannu ba. In ita ce shawararki, ki adana tawadarki.

Ni tsohon malamin makaranta ne, na haura tamanin. Mai ɗakina ta riga ni tafiya, Allah ya jiƙanta. 'Ya ɗaya ta rage mana, tana aure nesa, sai dai waya. Gidan da a da hayaniya ke hana ni barcin rana, yanzu ɗaki ɗaya nake amfani da shi, sauran na rufe na rataye makullan a ƙusa. Wanda ke kula da ni shi ne ɗan ƙanena, wanda na riƙe tun rasuwar ubansa. Matarsa ce ke dafa mini abinci, shi kuma yake goya ni a babur ya kai ni asibiti ranar awon jini, ya zauna a benci yana yi mini tsiya wai na fi likitan surutu.

Ina da gona a bayan gari, a kan wani gangare da ke sauka zuwa rafi. Gangaren nan kaf na kakanmu ne. Aka raba wa iyayenmu, aka raba mana, 'yan'uwana suka rasu aka sake raba wa 'ya'yansu, har yau akwai gonar da in jaki ya kwanta a cikinta wutsiyarsa tana cikin ta maƙwabci. Tawa ce kaɗai ba a sake yankawa ba, tunda ina nan da raina. Doguwa ce, ta ratsa tsakiyar gangaren a gicciye kamar ɗamara.

A cikinta akwai layuka na ciyawar gamba da ubana ya dasa don su tare ƙasa in ruwa ya gangaro, akwai kuma itatuwan gawo. Na san ke 'yar birni ce, bari in gaya miki halin gawo. Da damina ta sauka sai ya zubar da ganyensa ya bar wa shuka rana, ganyen ya ruɓe ya zama taki. Da rani, lokacin da kowane itace ya tuɓe, shi kuma sai ya yi ganye, ya zubo wa dabbobi 'ya'yansa. Geron da ke gindinsa ya fi na ko'ina cika ido. Ban dasa ko guda ba. Toho ne yake fitowa da kansa, in sassabe sauran in bar mai ƙarfi ɗaya, in kewaye shi da ƙaya har ya fi ƙarfin bakin akuya. Akwai wanda na fara reno tun kafin a haifi 'yata. Kunyoyina kuma a gicciye nake jan su, ba na bin gangare. Sannan kullum akwai wani sashe da nake bari ya huta, ba na shuka komai a ciki sai ya yi 'yan shekaru yana daji. Haka na tarar, haka malamin lambu ya ƙara koya mana a makaranta da allo da alli, kuma gonar ba ta taɓa ba ni kunya ba.

To, bara sai ga wani kamfani. Suna son su karɓi hayar gangaren gaba ɗaya na shekaru masu yawa, su mai da shi gona ɗaya, masara zalla daga sama har bakin rafi. A sare itatuwa, a tumɓuke gamba, a share iyakoki, tarakta ta miƙe daga tudu ta gangara ba tare da ta juya ba. Kowa ya sa hannu. Kada ki ce ban san dalilinsu ba, na sani sarai. Gonakin sun yi ƙanana, ba sa ciyar da gida. Ba mai iya hutar da ƙasa, don in ya hutar ba shi da inda zai shuka. Takin zamani ya fi ƙarfin talaka. Damina ta zama mai gajen haƙuri, ta zo a makare ta ɗauke da wuri. Samari sun watse, wasu suna haya da babur, wasu suna dakon bulo a inda gari ke cinye gonakin gabas. Duk na ga wannan da idona. Abin da ban yarda ba shi ne a ce maganin ƙasar da ta gaji shi ne a ƙara mata aiki a tuɓe mata riga.

Domin na ga ƙarshen irin wannan a ƙetaren rafi. Su ma haka aka yi musu. Shekarun farko masara ta yi kamar za ta taɓa sama, har ana zuwa ɗaukar hoto. Daga baya ruwa ya riƙa bin sawun tarakta yana gangarowa da ƙasa, rafin nan ya yi ja kamar an yanka sa a ciki. Kwari ya buɗe a tsakiyar gonar, yanzu mutum zai tsaya a ciki ba a ga hularsa ba. Da amfani ya ja baya, masu hayar suka naɗe kayansu suka yi gaba, suka bar wa mutane ƙasa fara sol kamar toka. Da aka zo kowa ya karɓi tasa, babu itace, babu ciyawa, babu dutsen iyaka, 'yan'uwa ciki ɗaya har gaban alƙali. Namu kamfanin wai ba za a yi haka ba, wai sun auna gonar kowa da na'ura, iyakar tana cikin wayar manajansu. Na ce iyakar da ke cikin aljihun baƙo, ranar da ya tafi da wandonsa fa?

Saboda haka na ƙi. Tunda kuwa gonata ce a tsakiya, tarakta ba ta da hanyar da za ta miƙe. Kamfani ya ce in ba a haɗa duka ba kafin saukar ruwa, zai nemi wani wuri. Kin ga na zama abokin gaban gari. Sun sa mini suna Kututture. In na doso inda muke zama a ƙofar shagon tela, sai hira ta mutu, kowa ya kama duban ƙafarsa. Mai aski, wanda na koya wa karatu da hannuna, shi ne ya ce a gabana wai kututture komai taurinsa akwai injin da ke tumɓuke shi. Na ce masa ya fara gwadawa da askarsa, tunda ko gemuna ba ta iya ci. Aka yi dariya, amma ba wanda ya matsa mini wuri a benci. Tun ranar ban koma ba. Su sha zamansu.

Wannan duk bai hana ni barci ba. Abin da ke cina shi ne ɗan ƙanena. Gonarsa na cikin ƙananan, ga yara cike da gida. Ya je ya koyi tuƙin tarakta, manajan ya yi masa alkawarin aiki, amma ya nuna masa a fakaice cewa aikin yana rataye da sa hannuna. Ya zo ya durƙusa a gabana a ɗakin nan, ya ce ni ne ubansa, in dubi yaransa. Ya ce itace ba ya biyan kuɗin makaranta. Ya ce ni kaina ban iya noma gonar ba yanzu, rabinta ciyawa ce, kuma ba hutu na ba ta ba, ƙarfi ne babu. Wannan maganar ta yi mini zafi. Na ce masa ubansa da yana raye da bai sayar da inuwar kakansa don kujerar inji ba. Ya tashi ya sa takalminsa ya fita. Abinci bai yanke ba, matarsa takan kawo da kanta, ta gaishe ni daga bakin ƙofa ta juya. Amma shi ban sake ganinsa ba. Ranar asibiti ta zo, na sa riga na zauna a waje ina jin ƙarar kowane babur, har rana ta take. Na koma ciki na tuɓe.

Don in nuna musu ban mutu ba, na ɗauki fartanya da 'yar kujerar da mai ɗakina ke zama a kai in tana girki, na tafi sharar gona. Tsayuwa ba ta yiwuwa, sai in zauna in share abin da hannuna ya kai, in ja kujerar gaba in sake zama. A haka nake bin kunya. Ranar nan da hantsi jiri ya kwashe ni, na faɗi tsakanin kunyoyi, na kasa tashi. Ina kallon sama, rana tana dukana. Wadda ta tsince ni ita ce wata mai awaki, matar marigayi maƙerin unguwarmu. Ta ja ni inuwa, ta ba ni ruwa, ta yi mini fifita da gefen mayafinta. Da na dawo hayyacina sai na ga buhu a gefenta cike da 'ya'yan gawona. Matar nan na kore ta daga gonar ya fi a ƙirga. Na ce ta zazzage mini kayana. Ta ce wallahi ba za ta zazzage ba, wai ba don satar nan tata ba da ungulaye ne za su fara sanin inda nake. Har da cewa wai duk garin nan ita kaɗai ke roƙon Allah kada in sa hannu, don ranar da gawo ya faɗi awakinta sun shiga uku. Ba ta da ko taƙi na gona. Ta taɓa roƙona in ba ta sashen da ke hutu ta shuka wake mu raba, na hana, don na san mutanen yanzu, in ka ba su ƙasa ba sa barinta ta numfasa. Ita ta rako ni gida, tana ɗauke da kujerata da buhunta, tana yi mini faɗa duk hanya kamar ita ta haife ni.

'Yata da ta ji labari ta bugo waya tana kuka, wai in sa hannu in tattara in koma wurinta. In je in zauna a ɗakin suruki ina kallon bango? Ba inda za ni.

Ga tambayata. Ba zan sa hannu ba, wannan na gama. Amma ta yaya zan dawo da yaron nan ba tare da na ba da gonar ba? Kuma akwai wata hanya da zan ɗaure abin, yadda ko bayan raina ba mai sa wa itatuwan nan gatari? Ba ni da sauran lokaci mai yawa, na sani. Ina so in tafi na bar ƙasar da rigarta a jiki.

Naki,
Kututture

*

Baba,

Na karanta wasiƙarka har ƙarshe, ban tuna da wani uzuri ba. Rubutun kuma ya fi na yawancin masu rubuto mini kyau. Ba zan ce ka sa hannu ba. Amma ba zan ce maka komai naka daidai ne ba, kuma na san malami ba ya jin tsoron jan biro.

A kan ƙasa kana da gaskiya. Gangaren da aka tuɓe, aka nome shi daga sama zuwa ƙasa, aka shuka masa abu ɗaya shekara da shekaru, ruwa zai kwashe shi, kuma ka ga shaida a ƙetaren rafi. Tsoronka game da iyaka ma a kan hanya yake. Sai dai maƙwabtanka ba mahaukata ba ne, kai da kanka ka jera dalilansu fiye da yadda zan iya. Kai kana da sashen da za ka hutar, su ba su da shi. Mutumin da tukunyarsa ke jiran yau ba zai ji wa'azin shekara goma masu zuwa ba, sai an haɗa masa da abin da zai ci bana.

Yanzu ga maganar da ba za ka so ba. Ƙin sa hannu yana kare gonar ne muddin kana numfashi. Ba wata takarda da za ta hana gatari ranar da ba ka nan, in duk wanda ya rage yana ganin itatuwan a matsayin abin da ya hana shi ci. Abin da zai tsare gawo shi ne mutum mai rai wanda ke ƙaruwa da shi. Ka duba wasiƙarka da kyau, akwai irin wannan mutum guda ɗaya a ciki, kuma ita ce kake kora. Baba, matar da ta ja ka inuwa, wadda ke yi wa itatuwanka addu'a, ka ce ta zazzage buhu? Ka kira ta. Ka ba ta sashe ta noma, a rubuce, da shaidu, da sanin 'yarka tunda ita ce magajiya. Ka sa sharuɗɗanka a ciki: kunya a gicciye, ba a taɓa gamba, ba a sare toho, kuma hutun ƙasa yana nan yana zagayawa. Wake ma ba ya gajiyar da ƙasa, ka fi ni sani. Ka ce mutanen yanzu ba su iya ba. To wa ya koya musu?

Game da kamfani, ka lura cewa amsa ba a tsakanin i da a'a kaɗai take ba. Yau kai kaɗai ne a gangaren nan da ke da bakin kafa sharaɗi, tunda ba sa iya wucewa sai ta wurinka. Kada ka ɓarnatar da wannan ƙarfi a musu da mai aski. Ka nemi malamin gona na yankinku ya zo ya taka gangaren, ku zauna da maƙwabta, ku kai wa kamfani buƙata ɗaya da sunan kowa: tarakta ta yi noma a gicciye tsakanin layukan gamba, a bar manyan itatuwa, a ƙara dasa layukan a gonakin sama da na ƙasa, a riƙa sauya masara da wake ko gyaɗa, a kafa alamar iyaka ta siminti da kowa zai gani da idonsa, a kuma rage tsawon hayar yadda za a iya sake dubawa. Wanda ya san doka ya karanta yarjejeniyar kafin kowa ya ƙara dangwala yatsa. In sun yarda da wannan, za ka iya ba su hanya ta gefe ɗaya su ƙetara, gonarka tana hannunka. In sun ƙi, to maƙwabtanka za su ji da kunnensu cewa masu hayar ba su da niyyar barin ƙasar da rai, kuma ba kai ne za ka faɗa ba. Ba na yi maka alkawarin za su yarda. Yana yiwuwa su tafi, wasu su ci gaba da jin haushinka. Amma wanda ya zo da wata hanya aka ƙi, ba ɗaya yake da wanda ya toshe ƙofa ya zauna ba.

Sai ɗanka, don ɗanka ne. Maganar da ka yi masa a kan ubansa ta yi nauyi. Ya zo a durƙushe da damuwar yaransa, ya tashi da gori. Shi ma ya yi kuskure babba da ya bar ka zaune da riga ranar asibiti, kuma in yana karanta wannan shafi, ina gaya masa kai tsaye: lafiyar tsoho ba abin ciniki ba ce, ka je ka ɗauke shi. Amma kai ne babba, Baba, kai za ka fara. Gobe in matarsa ta kawo abinci, ka ce ta shigo ta zauna, ka aika masa cewa ubansa yana nemansa kuma ba maganar takarda ba ce. In ya zo, ka janye waccan kalma ɗaya, ba sai ka janye matsayinka ba. Sannan ka ce ya goya ka zuwa ƙetaren rafi, ku tsaya a bakin kwarin nan, ka yi shiru ka bar shi ya gani. Direban da ya iya noma gangare a gicciye ba zai rasa mai nemansa ba, ko da wannan kamfani ko babu shi. Wa zai nuna masa yadda ake karanta kwanciyar ƙasa in ba kai ba?

Ka koma asibiti cikin makon nan, ko da wani ne zai kai ka, ka kuma gaya wa likita zancen jirin. Kada ka sake fita gona kai kaɗai. Ka bar 'yarka ta zo ta gan ka, ta ga itacen da ya girme ta, don wata rana ita za a tambaya.

Kujerar Mama kuwa, ka daina jan ta a kunya. Ka ajiye ta a gindin babban gawon, ka zauna, mai awaki da ɗanka su riƙe fartanya, kai ka koma aikinka na asali. Ɗalibai biyu ma aji ne. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sanyaya zukatanku, ya sa ka ga tohon bana ya fi ƙarfin bakin akuya.

'Yarka mai fili